Daraktoci sun ce in ƙi ƙudurin bayyana kuɗin kamun ƙafa, me zan dangwala?

Baban Ummi, Houston

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman wanda zai haska mini wani abu kafin ranar Talata mai zuwa, don ranar ce za a rufe karɓar ƙuri'a.

Shekara huɗu ke nan ina ɗan tara hannun jari a wani kamfanin wutar lantarki na nan Amurka. Ba wani abin a zo a gani ba ne, hannu 38 ne kacal, duk sanda na samu rarar kuɗin aikin dare sai in ƙara ɗaya ko biyu. Duk shekara wajen watan Afrilu sukan aiko mini da wani ƙaton ambulan, ni kuwa ban taɓa buɗe shi ba. Maman Ummi ce take yage shafukan tana shimfiɗawa a ƙasan dirowar kicin saboda maiƙo. Bana dai mura ta kwantar da ni kwana uku, na rasa abin yi, sai na ɗauko na fara karantawa.

Ashe takardar kiran babban taron shekara ce, shafi kusan casa'in, da katin ƙuri'a a ciki. Abubuwan farko ban sha wahala ba: zaɓen daraktoci, amincewa da masu binciken kuɗi, albashin manya. A kan kowanne an rubuta cewa hukumar daraktoci tana ba da shawarar a amince. Da na zo abu na shida sai salon ya canza. Wannan ba kamfanin ne ya kawo shi ba, wata ƙungiyar sistocin Katolika ce mai hannun jari a ciki. Suna so kamfani ya riƙa fitar da rahoto duk shekara a kan nawa ya kashe wajen kamun ƙafa a majalisu, nawa ya ba ƙungiyoyin 'yan kasuwa da ke yin kamun ƙafar a madadinsa, kuma wane ne a cikin daraktoci yake sa ido a kan wannan kuɗi. A ƙasa kuwa daraktocin sun cika shafi ɗaya da rabi suna cewa a ƙi. Hujjarsu: muna bin doka, muna kai rahoto ga gwamnati, ƙarin rahoto ɓarnar kuɗi ce, kuma abokan hamayyarmu a kasuwa za su ga cikinmu.

To ga inda na tsaya. Shin wannan kamun ƙafar ba cin hanci ba ne da aka sa wa kwat da nektayi? In kuma da gaske suna kai rahoto, me sistocin nan suke nema kuma? Sannan ni mai hannu 38 a cikin ɗaruruwan miliyoyi, ƙuri'ata za ta ɗaga ko ƙuda?

Hajiya Mai Lissafi, Columbus

Wa alaikumus salam Baban Ummi, Allah ya ƙara sauƙi. Ni aikin akanta nake yi, kuma a Ohio nake zaune tun 2012, don haka wannan maganar a gabanmu aka yi wasanta. Ka yi haƙuri zan ɗan ja.

Kamun ƙafa a nan halal ne a doka, kuma ba duka ne ƙazanta ba. Idan majalisa za ta rubuta doka a kan layukan wuta, dole kamfanin wuta ya je ya ce ga abin da zai yiwu, ga wanda ba zai yiwu ba. Daraktocinku ba su yi ƙarya ba da suka ce suna kai rahoto. Akwai dokar tarayya ta 1995 da ta tilasta wa masu kamun ƙafa yin rajista, kuma yanzu duk wata uku sai sun rubuta nawa aka kashe da kuma a kan wace doka. Kowa zai iya dubawa a intanet. Daga nan ne aka san cewa abin da ake kashewa a Washington kaɗai ya haura dala biliyan 4 a shekara. Haka kuma tun 1907 an hana kamfani ɗebo kuɗi daga baitulmalinsa ya miƙa wa ɗan takarar tarayya hannu da hannu. Shi ya sa suke buɗe asusun da ake kira PAC, wanda ma'aikata da manyan kamfani suke zuba nasu kuɗin, shi ma kuma ana bayyana shi.

Waɗannan ƙofofin gaba ne, kowa yana ganin mai shiga. Abin da sistocinka suke tambaya ƙofar baya ce. Kamfani yakan biya kuɗin zama mamba a ƙungiyar 'yan kasuwa, irin su babbar Majalisar 'Yan Kasuwa ta Amurka, wadda sau da yawa ita ce kan gaba wajen kashe kuɗin kamun ƙafa. Ita za ta bayyana jimillar abin da ta kashe, amma ba za ta ce kamfani kaza ne ya ba da kaza ba. Sannan akwai ƙungiyoyin da aka yi wa rajista da sunan jin daɗin al'umma, waɗanda doka ba ta tilasta musu faɗin masu ba su kuɗi ba. Ga kuma majalisun jihohi hamsin, kowace da tata dokar, wata mai tsauri wata sakwa-sakwa. Kamfanin wuta kuwa a jiha ake yanka masa farashi, don haka a can ƙarfinsa yake.

Abin ya ƙara faɗi ne a Janairun 2010, da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Citizens United, alƙalai biyar a kan huɗu, cewa kamfani zai iya kashe ko nawa ne wajen tallata ko sukar ɗan takara, muddin ba shi ya miƙa wa kuɗin ba. Mai shari'a Anthony Kennedy da ya rubuta hukuncin ya kafa hujja da cewa ai a zamanin intanet masu hannun jari za su ga inda kuɗinsu ya tafi su ɗauki mataki. Wato ku yake nufi, Baban Ummi. Sai dai dokar da za ta sa ku gani ɗin ba ta taɓa zuwa ba. A 2011 wasu malaman shari'a suka roƙi hukumar kula da kasuwar hannun jari, SEC, ta tilasta bayyanawa, mutane sama da miliyan ɗaya suka aika ra'ayi, amma tun ƙarshen 2015 majalisa take cusa wani sharaɗi a kasafin kuɗi da ke ɗaure wa hukumar hannu. Shi ya sa ake bi kamfani-kamfani da irin ƙudurin da ka gani.

Yanzu ga abin da ya faru a nan jiharmu. Kamfanin FirstEnergy, hedkwatarsa tana Akron, yana da alaƙa da tashoshin nukiliya biyu, Davis-Besse da Perry, da suka daina kawo riba. Aka riƙa tura kuɗi cikin wata ƙungiya mai suna Generation Now, irin waɗancan na jin daɗin al'umma, har kusan dala miliyan 60. Ƙungiyar kuwa a hannun wani ɗan majalisar jiha take, Larry Householder. Da kuɗin ya ɗauki nauyin 'yan takarar da za su mara masa baya, ya zama kakakin majalisa a Janairun 2019, cikin watan Yuli aka sa hannu a kan dokar da aka fi sani da HB 6, wadda za ta tatsi sama da dala biliyan ɗaya daga masu biyan kuɗin wuta don ceto tashoshin. Da mutane suka tashi tara sa hannu don a kai dokar ƙuri'ar raba gardama, sai talla ta cika talabijin wai gwamnatin Sin ce take son shigo mana cikin layin wuta. Ni kaina na ga takardun nan a akwatin wasiƙata, jajaye, har wata maƙwabciyata tsohuwa ta tambaye ni ko gaskiya ne. Dukkansu da wancan kuɗin aka buga su.

Ranar 21 ga Yulin 2020 jami'an FBI suka kama Householder. Cikin kwana biyu hannun jarin kamfanin ya zube da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ka lissafa da naka 38 ɗin ka ji yadda zuciyarka za ta yi. A watan Oktoba aka kori shugaban kamfanin. A 2021 kamfanin ya amsa abin da ya yi, ya biya tarar dala miliyan 230, daga baya SEC ta ƙara masa miliyan 100. Shi kuwa Householder a Yunin 2023 aka ba shi shekara 20.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a matsayina na mai aikin lissafi shi ne ƙarar da masu hannun jari suka shigar a kan daraktocin kansu. Tambayar da suka yi ɗaya ce: kuna ina aka fitar da wannan kuɗi? An sasanta a 2022 a kan dala miliyan 180, aka amince daraktoci shida za su sauka, kuma daga yanzu hukumar daraktoci ce da kanta za ta riƙa duba tsarin kashe kuɗin siyasa da kamun ƙafa duk shekara. Ka ga abin da sistocinka suke roƙo da lalama a shafi ɗaya, shi aka zo aka yi bayan an yi asarar ɗaruruwan miliyoyi.

Ban ce kamfaninku haka yake ba, ban san shi ba. Amma tunda na wuta ne, ni da zan ba ka shawara, kada ka tsaya a kan jimillar kuɗin. Shiga shafinsu, ɓangaren masu zuba jari, ka nemo takardar da ta zayyana aikin kowane kwamiti na daraktoci. Duba ko akwai kwamitin da aka rubuta ƙarara cewa shi ke duba kuɗin siyasa, sau nawa a shekara, kuma kafin a biya ne ko bayan an biya. In ka ga an ce wai ana sanar da daraktoci lokaci-lokaci, to 'yan amshin shata ne a wannan fannin.

Alhaji Na Kwari, Kano

Salamu alaikum. Hajiya, Allah ya saka da alheri, yau na ƙaru. Ni ban taɓa taka Amurka ba, amma na fi shekara ashirin ina zuwa taron masu hannun jari, Legas da Abuja da nan Kano, tun ana aiko da takardar riba ta gidan waya. Bari in faɗa muku yadda namu yake, don ku san kowane allazi da nasa amanu.

Mu a takarda mun fi ku tsauri nesa ba kusa ba. Dokar kamfanoni ta 2020, sashe na 43, ta hana kamfani ba jam'iyya ko wata harkar siyasa kyautar ko sisi, kuma tun a tsohuwar dokar 1990 haka abin yake. Har cewa ta yi jami'an da suka yi, da duk mai hannun jarin da ya goyi baya, su za su mayar wa kamfani kuɗinsa daga aljihunsu. Ka buɗe rahoton shekara na kowane kamfani da ke kasuwar hannun jari, wajen bayanin daraktoci, za ka ga jerin kyaututtuka: rijiyar burtsatse, gyaran aji, gidan marayu. Ƙarƙashinsa sai layi ɗaya cewa kamfani bai ba kowace jam'iyya komai ba a wannan shekara. Layin nan na haddace shi kamar karatun allo, ba ya canzawa.

To amma a 2003 a fili aka yi gangamin tara wa Obasanjo kuɗin takara da sunan Corporate Nigeria, kuma shugabar kasuwar hannun jari ta lokacin ce a gaba. A Disambar 2014 aka yi liyafa a fadar shugaban ƙasa aka tara kuɗin takara sama da naira biliyan 21 a dare ɗaya, alhali dokar zaɓe ta lokacin ta ce ɗan takarar shugaban ƙasa kada ya kashe sama da biliyan ɗaya. Yadda aka riƙa shelar kuɗin shi ne abin kallo: ɓangaren mai da gas ya ba da kaza, ɓangaren gine-gine ya ba da kaza. Ɓangare kuwa ba shi da rahoton shekara, ba shi da daraktoci, ba wanda zai tashi a taro ya tambaye shi. Da Hajiya take bayanin ƙofar baya, wannan daren ne ya faɗo mini.

Sau ɗaya na gwada tambaya. A wani otal ne a Ikeja, taron wani kamfani da ba zan kama sunansa ba. Na ga a cikin lissafi an rubuta kuɗin hulɗa da jama'a da na masu ba da shawara sun ninka na bara, shekarar kuma ta zaɓe ce. Na ɗaga hannu har kafaɗata ta gaji kafin a ba ni makirfo. Ban gama ba wasu a baya suka fara kiran a wuce, a wuce, don an fara raba jakar kyauta a bakin ƙofa, da lema da katan ɗin kayan kamfanin. Shugaban taro ya yi murmushi ya ce Alhaji mun ji, sakatare zai rubuto maka. Yau shekara nawa, ko dai gidan waya ne ya cinye wasiƙar.

Kuma laifin har da mu. Doka ta ba masu hannun jari kujera uku a cikin biyar na kwamitin binciken kuɗi, daraktoci biyu kawai. Rinjaye ne a hannunmu. Amma ka je ka ga yadda ake kokawar kujerun nan, yawanci alawus ɗin zama ake hange. Baban Ummi, kai da aka aiko maka da tambayar har gida a rubuce, da katin dangwalawa, ban ga dalilin da zai sa ka bar ta a dirowar kicin ba.

Sadauki, Birmingham

Baba Alhaji, a gafarce ni, zan ɗan saɓa muku kai da Hajiya. Bayyanawa ba ta zama magani kullum. A 2010 kamfanin Target ya ba wata ƙungiya a Minnesota dala 150,000 tana tallata ɗan takarar gwamna. Da aka gani, masu adawa da ɗan takarar suka ƙaurace wa shagunan, har shugaban kamfanin ya ba ma'aikata haƙuri. Me sauran kamfanoni suka koya? Ba daina bayarwa ba, sai dai a bi ta inda ba za a ga suna ba. Haka bayan harin 6 ga Janairun 2021 a majalisar Amurka, kamfanoni da yawa suka yi shelar sun dakatar da ba 'yan majalisa 147 da suka ƙi amincewa da sakamakon zaɓe, da ƙura ta lafa da dama suka koma ba su a hankali. Kowa ya gani a rubuce, me aka yi?

Ni tsarin nan Ingila ya fi kwanta mini. Dokar kamfanoni ta 2006 ta ce in kyautar siyasa za ta wuce fam 5,000 a wata goma sha biyu, sai masu hannun jari sun amince tun kafin a bayar. Sakamakon haka mafi yawan manyan kamfanonin da ke kasuwar Landan sun daina ba jam'iyyu kuɗi. Abin dariyar shi ne duk shekara za ka ga sun kawo ƙudurin neman izini, suna cewa ba mu da niyyar bayarwa, muna nema ne kawai kada mu taka doka da kuskure. Amma ko a nan ɗin, kamun ƙafa bai shiga wannan ƙuri'ar ba.

Hajiya Mai Lissafi, Columbus

Sadauki ƙanena, ai misalin Target ɗin naka ni ya taimaka. Tunda an gudu daga ƙofar gaba an koma ta baya, sai a sa fitila a ta bayan, kuma ita ƙudurin yake nufi. Sannan ni ban damu sosai da ko jama'ar gari za su yi fushi ko ba za su yi ba. Amfanin rahoton a cikin gida yake farawa. Na sha gani a wajen aiki: duk lissafin da aka san za a buga shi da sa hannun wani, sai an sami mai karanta shi layi-layi kafin ya fita. Wanda ba za a buga ba kuwa, sai ya shekara ba wanda ya ɗaga shi. Ka tuna 2018, da aka gano AT&T ya biya kamfanin Michael Cohen, lauyan Trump a lokacin, dala 600,000, Novartis kuma miliyan 1.2, da sunan neman shawara. Ba a rubuta su a rajistar kamun ƙafa ba, kuma shugaban AT&T da kansa ya fito ya ce babban kuskure ne.

Baban Ummi, na manta tambayarka ta uku. Gaskiya hannu 38 ba zai juya sakamako ba. Manyan masu riƙe da ƙuri'a su ne kamfanonin juya jari irin BlackRock da Vanguard da State Street, masu riƙe da kuɗin fanshon mutane. Kuma ko ƙudurin ya ci, shawara ce, ba dole ba ne daraktoci su bi. Sai dai lissafin ba na ci ko faɗuwa ba ne kawai. A ƙa'idar da aka gyara a 2020, ƙuduri yana bukatar kashi 5 cikin ɗari a karon farko kafin a sake kawo shi, kashi 15 a karo na biyu, kashi 25 a na uku. In ya kai talatin ko arba'in, sau da yawa kamfani yakan kira masu ƙudurin a zauna. Yakan ma haye rabi: a taron ExxonMobil na Mayun 2021 ƙudurin rahoton kamun ƙafa ya samu rinjaye. Mu ƙananan masu hannun jari kuwa yawancinmu ba ma jefa ƙuri'ar sam. Wani abu kuma da za ka kiyaye: in ka sa hannu a katin ka mayar ba tare da ka zaɓi komai ba, yadda daraktoci suka ba da shawara za a lissafa maka.

Baban Ummi, Houston

Na gode ƙwarai, Hajiya, Alhaji, Malam Sadauki. Allah ya bar zumunci.

Na bi shawarar Hajiya jiya bayan isha'i. Takardar kwamitocin tana nan, sai da na sha danne-danne kafin in same ta. Kwamitin da ke kula da tsarin shugabanci ne aka ɗora wa abin, a layi na goma sha ɗaya cikin ayyukansa, kuma abin da aka rubuta shi ne zai riƙa karɓar bayani sau ɗaya a shekara. Ban ga inda aka ce sai ya amince kafin a biya ba. Akwai kuma jerin ƙungiyoyin da kamfanin yake mamba, sunaye tara, babu adadin kuɗi a gaban ko ɗaya.

Na shiga da lambar da ke jikin katin na dangwala amincewa a abu na shida, ko minti uku bai ɗauka ba. Malam Sadauki, maganarka ta izini kafin a bayar ta zauna mini, sai dai ba ta cikin abin da aka ba ni in zaɓa. A ƙarshen bayanin sistocin sun ce bara ma sun kawo ƙudurin, don haka na je dirowar kicin neman takardar bara in ga me daraktoci suka ce a lokacin. Na samu shafi na 71 da na 74, duk manja ya ɓata su, na tsakiyar kuwa Maman Ummi ta ce tun azumi ta naɗe ƙosai da su. Hajiya, a ina ake ganin sakamakon ƙuri'ar bara a shafin SEC?